Amsa ga 'yar uwar da ƙanwarta ta daina magana da kowa

Salamu alaikum. 'Yar uwa, ke da kika ce an sako ƙanwarki da goyo, tun da ta dawo gida ba ta magana ba ta cin abinci sai kuka, a gida an ce iska ce, ke kuma kina tambaya ko sa ta koyon sana'ar hannu zai dawo da ita daidai. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, don irinsa ne ya same ni bayan haihuwata ta biyu, a nan ƙauyenmu ta wajen Dambatta.

Ni ba a sake ni ba, ina ɗakina. Tun ana wankan jego barci ya ƙaurace min, sai in farka tun kafin assalatu ƙirjina na bugawa, yaro na kuka ina kallonsa amma hannuna ya ƙi miƙuwa, sai in yi ta zargin kaina. Uwar mijina ta ce samun wuri ne da son jiki, wai su da suka haihu goma kwana kaɗan suke komawa bakin turmi. Wannan duk na haɗiye. Abin da har gobe yake min ciwo shi ne ranar bikin ƙanwar mijina, gida cike da mata, na miƙe zan taya rabon tuwo, uwar mijin nawa ta fizge marar daga hannuna ta ce ku bar mahaukaciyar nan kar ta zuba mana wani abu a abinci. A gaban dangina fa, a gaban kishiyata da take ta dariya ƙasa-ƙasa. Ta kwance min ɗana daga baya ta miƙa wa wata. Babu wadda ta ce mata kul. Shi kuwa maigidan da na faɗa masa da daddare cewa ya yi in yi haƙuri, uwa ce. Matar da nake wa wanki da ɗebo ruwa tun ina amarya! Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ni dai ban manta ba.

Daga nan aka kai ni wajen wani mai cire aljanu, hayaƙi da bulala, har akuyata aka sayar aka biya shi. Ni ban ƙi ruƙiya ba, ayar Allah waraka ce kuma har yau ina azkar ɗina, amma duk wanda ya ɗauko bulala dan Allah ku ɗauke yarinyarku ku tafi.

Gwaggona ce ta gaji ta kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma ba ni kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan mata 13 cikin 100 na shiga irin wannan larura bayan sun haihu, a ƙasashe irin namu ya fi haka. To ki fara da nan. In kun fi kusa da Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen a asibitin Malam Aminu Kano. Ku faɗa wa likita tana shayarwa. Maganin ba ya aiki rana ɗaya, sai ya ɗau makonni, kar a ce bai karɓe ta ba a watsar, kuma kar a je kemis a sayo mata na barci. Yauwa, ki tambaye ta kai tsaye ko tana jin gara ta mutu, kar ki ji nauyi. In ta ce e, kar a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin feshin gona daga gidan, a tafi asibiti a ranar.

Maganar sana'a kuwa, e tana taimakawa sosai, amma tare da magani. Ni ɗinkin hula ne ya fitar da ni daga ɗaki. Wata maƙociyarmu ce ta dinga aiko min in zo bayan la'asar, ba ta taɓa tambayata me ke damuna ba, allura da zare kawai ta miƙo min. In kina bin zane kina ƙirga ido, tunanin nan da yake juya miki kai sai ya ɗan lafa, ga mata ana hira ana dariya kina ji ko ba ki sa baki ba. Ranar da aka kawo min kuɗin hulata daga kasuwar Dambatta ta Lahadi na sayi sabulu da man shafawa ban roƙi kowa ba, ranar na ci tuwo na ƙoshi. Ko da yake dillalan nan ma sai Allah, ki yi sati da sati kina kashe idonki su zo su taya miki kamar kyauta, ga zare kullum ƙara kuɗi yake, shi ya sa yanzu muke haɗa namu mu ba mutum ɗaya, muna kuma adashi.

Amma kar ki tilasta mata, kar kuma ki kai ta shagon da za a dinga yi mata tsawa. Me take so tun tana budurwa? Ko lalle ne, ko kitso, kwarashi, saƙar faifai. Cikin 'yan matan da ke zuwa wajenmu yanzu akwai wadda ita labari take rubutawa a littafin makaranta ta karanta mana, a nan take fitar da abin da ba ta iya faɗa wa innarta.

Masu kiranta mahaukaciya kuma ki tsaya musu, ke ce babba. Tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye ta 1958, ta hana a wulaƙanta mai wannan larura, sai dai wa ya san da ita a ƙauye. Sannan ku bi mata haƙƙin ciyar da yaron a wajen ubansa, ko ta hannun mai unguwa ne, don rashin na koko ma kaɗai ya isa ya hana ta barci. Ta wane ɓangare kuke? In kuna kusa ki kawo ta ran Alhamis, ba sai ta zo da komai ba, akwai zare.