In mai kaya ta zo da ƙyallenta a yanke

Kai yaro, ka ce wata mata ta kawo maka leda cike da yankakkun ƙyallaye, wasu masu kwana huɗu wasu alwatika, wai inji ne ya yanka su tun daga ƙasar waje, tana so ka haɗa mata zanin gado da rigunan filo. Kana tambayata ko ka karɓa, tunda a ganinka an riga an yi rabin aiki, saura bi da keke. Da wata tambayar ce da na ce ka koma kan maɓallan da na ba ka tun safe. Amma wannan zan amsa maka, don irin ledar nan ta taɓa cinye mini Sallah guda, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Injin da ake faɗa ba wani abin mamaki ba ne. Wuƙa ce ta ƙarfe da aka lanƙwasa daidai siffar da ake so, aka binne ta cikin soso a kan faranti. A shimfiɗa yadi a kai, a rufe da faifan roba, a murza ya wuce tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, sai ƙyallen ya fito a yanke. Kamar dai yadda masu takalma suke fitar da tafin takalmi daga fata. Wanda ya fi suna a Amurka shi ne AccuQuilt, akwai kuma Sizzix, kuma ƙaramin na hannu yana cin yadin auduga har ninki shida a murza ɗaya. Yanka kam yana yankawa, ba na musu. Ko ɗari ka yanka girma ɗaya za su fito, har ƙahon alwatikar yana datsewa don bakin ya hau baki. Amma inji bai san yadi ba. Ka ba shi auduga ya yanka, ka ba shi roba ya yanka, ka ba shi mai zuba ya yanka, duk girma ɗaya. Ranar da abu ya lalace kuma ba wanda zai je ya tuhumi inji a Amurka. Tela za a nema.

Wata Hajiya ce, matar wani ɗan kasuwa, ba zan faɗi unguwa ba. Ta zo mini ana sauran 'yan kwanaki a kama azumi, direba na biye da ita da jaka. Za ta aurar da 'yarta ta fari bayan Sallah, tana son zanin gadon da in 'yan jere sun shimfiɗa, kowa zai tambayi inda aka samo. Ƙanwarta da ke Amurka ce ta aiko da ƙyallayen, in ji ta. Na zuge jakar. Na sama kam sai san barka, auduga ce zalla, fari da ruwan madara da shuɗi, yankan inji tsaf. Da na zura hannu can ƙasa sai na ji wani jan ƙyalle yana santsi a yatsa, ga ƙarfin sitaci. Na ɗaga shi na duba baki, na ga ba wuƙa ɗaya ce ta yanka su ba. Wannan almakashi ne, an ɗora na waje a kai an zagaye da alli an bi. Ashe na ƙanwar bai isa gado shida da shida ba, sai aka je kasuwa aka sayo ja mai araha aka ba wani ya cike.

A gabanta na sa yaro ya kawo ruwan ɗumi a kofi. Na tsoma jan, na ɗan goga sabulu, na matse shi a cikin farin ƙyalle. Farin ya koma ja nan take. Na ce Hajiya, wannan yana zuba, in ya haɗu da farin nan wanki ɗaya ya gama da shi, a bar ni in shiga Kantin Kwari in nemo ja mai kama jiki a sauya. Ta ce Allah ya kiyaye, duk daga Amurka suke, ruwan shagona ne dai. Ta ce kuma wa ya ce za a wanke? Na ado ne, na ganin ido ne, amarya tana da na kwana har kala biyar. Ta rantse, ta maya. Ta ce in ya lalace ita ta jiyo, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da bakinta ta faɗi wannan karin maganar, yarana biyu suna zaune.

Na karɓa, ta ajiye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Shafin baya, audugar ciki, zare, duk daga aljihuna, wai a haɗa a lissafi. Ka san abin da azumi yake a wurin tela, shi ne kakarmu. Mutanen da suka shekara suna kawo mini shadda na riƙa ba su haƙuri suna wucewa shagon gaba, don na ba da alƙawari, kuma aikin ba ya haɗuwa da wani. Alwatika ta haura dubu a zanin nan. Ina shan ruwa in koma kan keke, in an ɗauke wuta in kunna fitila in ci gaba da na ƙafa har sahur. Tauraro na fitar a tsakiya, jan yana zagaye da shi, kowane tsini ya sauka a kan ɗan'uwansa. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, kuma a lokacin ban san wani a Fagge da zai iya shi ba. Wannan ba cika baki ba ne, waɗanda suka gani suna nan da ransu.

Ta aiko direba ya ɗauka, ciko sai bayan biki. Aka yi biki aka watse. Yau Alhaji ya yi tafiya, gobe Hajiya na barci, jibi ba ta jin daɗi. Na daina aike, na ce mutunci ya fi. Sai da damina ta faɗi, ranar nan ina tsakiyar yanka, sai ga ta da mata biyu, ta warware zanin a ƙofar shago, a kan titi, jama'a na wucewa. An wanke shi. Farin ya zama ruwan hoda, dabbare-dabbare, audugar ta tsuke, jan mai haɗin roba bai tsuke ba, duk tauraron ya tattare ya yi ƙulu-ƙulu. Da cewa ta yi aiki ya lalace, da na haɗiye. Cewa ta yi na sace mata jan Amurka na sa na kasuwa. Ni. A layin da na yi shekaru ana ba ni turamen Holan na lefe in ajiye ba a ƙirga ba.

Magana ta kai gaban manyan layi. Na fito da farin ƙyallen da na matse jan a ciki, don ban yar ba. Ta ce ina shaidar cewa nata ne? Na ce ga yarana. Aka ce yaranka ne, abincinka suke ci. Ƙarshenta dattawa suka ce a yi sulhu, mace ce, mijinta mutumin kirki ne, ka bar mata cikon. Na bari. Kuɗin shafi da auduga suka bi ruwa, Sallah ta bi ruwa, biyu daga cikin masu shaddar da na mayar ba su sake dawowa ba. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya ƙawayen amaryar suka riƙa yawo da hoton da aka ɗauka ranar jere, suna kai wa wasu teloli a yi musu irinsa. Da aikina aka yi talla, ni kuma aka bar ni da sunan ɓarawo. Na yafe kuɗin, ɗayar maganar kuwa tana nan.

To ka ji. In za ka karɓi aikin matar nan, ka juye ledar gaba ɗaya a kan tebur tana tsaye, kada ka tsaya a na sama. Kowace kala ka ɗauki ɗaya ka yi mata gwajin ruwa, ja da baƙi da shuɗi mai duhu su ne 'yan ta'adi. Ka zare silin zare ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. In ka samu biyun a gauraye, ka gaya mata ba sa zama gado ɗaya. Kada kuma ta ce to a wanke su tukuna. Yadi ake wankewa kafin a yanka. Ƙyalle mai inci huɗu in ya shiga ruwa bakinsa zai zare, ya tsuke ta gefe guda fiye da ɗayan, daidaiton da aka sayi injin dominsa ya tafi. Ku ƙirga tare, kala-kala, ka rubuta a littafi, ta sa hannu, ka liƙa samfurin kowace kala a shafin. Shaida kuma ka kira maƙwabcin shago, ba abokinka ba. Wayar nan da ba ta barin hannunka ko a kan keke, ga ranar amfaninta, ka ɗauki hoton komai.

Sai lissafi, wanda na san ba ka yi ba. Katifa shida da shida inci 72 ce kowane gefe. Ka ba ta saukar inci 12 dama da hagu da wajen ƙafa, ya zama 96 da 84. In kowane gida, wato kowane yanki mai kwana huɗu a jikin zanin, zai tashi inci 4 bayan ɗinki, gida 24 ke nan a jere, layi 21, jimla 504. In gidajen na alwatika bibbiyu ne, 1008. Ledar da ta kawo ta kai haka? In ba ta kai ba, da me za a cike, wa zai saya? Tun yau za a yi wannan maganar, ba ranar da ka kai rabi ba.

Wurin da na san za ka faɗi shi ne bakin ɗinki. Hannunka ya saba da rabin inci na kaftani. Waɗannan ƙyallayen kwatan inci aka bar musu, haka masu wannan sana'a suke yi a can, kuma a kan haka aka ƙera wuƙar. Gida 24 haɗi 23 ne. In ka bi su da rabin inci, kowane haɗi ya ci rabin inci na banza, kafin ka kai ƙarshen layi ka zubar da inci goma sha ɗaya da rabi, kusan ƙafa guda. Saukar gefe ɗaya ta tafi ke nan, tsinin alwatika kuma duk ya gundule. Ka auna kwata daga allura, ka manna tef a farantin keke, ka bi shi kamar layin sallah, har na dubun.

Dogon gefen alwatika kuma a karkace aka yanka shi, bai bi tsayen zare ba bai bi kwancensa ba, saboda haka yana miƙewa. Ku yaran yanzu kun iya jan yadi ta bayan allura don ku gama da wuri ku koma kallon bidiyo. Ka ja wannan, ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ka bar haƙoran keke su ja da kansu. Wajen guga ma ɗora dutsen za ka yi ka ɗaga, ba gogawa ba. Layi na farko ka kwantar da haɗin dama, na biyu hagu, don in sun gamu su shige juna, kada su taru su yi tudun da zai karya maka allura.

Yadda ake sa shafi da auduga da naɗe baki ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara biyu a shagona bai san wannan ba ya koma gida. Abu guda kawai: daga tsakiya ake fara kamawa a yi waje, kuma kada tazarar layukan ɗinkin da ke riƙe audugar ta wuce faɗin tafin hannu, in ba haka ba wanki biyu ta dunƙule a kusurwa.

Kuɗi kuwa, kada ka kuskura ka yi mata farashin zanin gado. Zanin gado ɗinki huɗu ne a miƙe. Wannan ka ƙirga haɗi, ka ƙirga kaftani nawa za ka mayar saboda shi, sannan ka faɗi kuɗi. Za ta ce ai an riga an yanka maka. Ka ce yankan ne mai sauƙin. Kuɗin kayan ciki gaba ɗaya a hannu, da kashi biyu cikin uku na ladan aiki, ciko kuma kafin zani ya bar shago, ko da motar amarya na ƙofa tana jira. Na san halinku, kuna jin kunyar tambayar haƙƙinku a gaban mai kaya, amma ba ku jin kunyar neman a yaye ku bayan wata shida don kun ga wani a waya yana haɗa filo cikin minti uku. Wancan an yanke wahalar ne aka nuna muku daɗin. Mu sai da muka shekara muna guga da dutsen gawayi kafin a bar mu mu taɓa almakashin maigida, shi ya sa yatsa yake gane roba ido a rufe.

Ka fara da rigar filo ɗaya, gida tara, ka kawo mini in duba bayanta, don ba gaba nake kallo ba. In kuma ka tarar da masu kwana shida a cikin ledar, ka ware su gefe kada ka kai su keke. Waɗannan haɗinsu uku-uku yake gamuwa, Turawan Ingila a kan takarda suke naɗe kowanne su bi da allurar hannu, kuma hannunka bai kai nan ba tukuna. Ka ce mata ta zo gobe bayan La'asar, ina nan, a gabana za a juye ledar.