Mai Lalurar Gani Ya Yi wa Manhajarmu Faci, Mu Hana Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne a nan Gombe muke kula da wata ƙaramar manhajar ajiye sakamakon jarrabawa, mun sake ta kyauta a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, da lasisin GPL mai tsara yadda za a yi amfani da ita. Sai muka ji wani malamin makaranta mai lalurar gani ya yi mata faci, wato ɗan gyara a rubutunta, don NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta da murya, ta riƙa karanta masa maɓallanta, yana raba wa abokansa ta WhatsApp ba da saninmu ba. Abokin aikina ya ce mu fitar da sanarwar hanawa. Ina mafita?
Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ku fitar da sanarwar nan. GPL ta ba shi damar gyarawa da rabawa, muddin ya bayyana cewa ya yi canji, ya kuma ba da rubutun manhajar ga duk wanda ya karɓa.

Amma ni ba lasisin ne ya dame ni ba. Ka dubi malamin nan ƙarshen zangon karatu, makin yara na jiransa, NVDA tana ta ce masa "maɓalli, maɓalli" babu suna. Bai san wanne ke ajiyewa ba, wanne ke gogewa. Ko dai ya kira wani ya karanta masa, ko ya gyara da kansa. Dole ce ta sa shi. Ita kanta NVDA haka ta samu: Michael Curran, makaho ɗan Ostareliya, ya fara ta a 2006, James Teh ya kama masa.

Abokinka yana da gaskiya a wuri ɗaya. Fayil mai yawo a WhatsApp ba wanda ya tantance shi, alhali makin ɗalibai amana ne. Kuma ranar da kuka sabunta manhajar, facin zai ɓalle, su koma gidan jiya.

To ku neme shi, ku gaisa, ku roƙi gyaran. In GitHub ya yi masa wuya, ku karɓa a filashi. Ku bi shi layi-layi, ku shigar da mai kyau cikin uwar manhajar da sunansa a jerin masu gudummawa. Abin da ba ku karɓa ba, ku gaya masa dalili cikin mako guda, kada ku bar shi yana jira shiru.

Kafin sabuntawa ta gaba, kai da kanka ka kashe allo, ka ajiye linzamin kwamfuta (mouse), ka kunna NVDA, ka gwada shigar da makin ɗalibi ɗaya da madannai kawai.