Amsa ga ɗalibin da ya tambaya kan faɗuwar dutse babba da ƙarami

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana aji biyu na babbar sakandare a nan Katsina, an koya muku cewa in aka saki dutse babba da ƙarami daga sama a tare, tare za su iso ƙasa, amma abin bai kwanta maka ba tunda babban ya fi nauyi. Ka kuma ce fomula tana kanka, amma lissafin motsi yana kayar da kai a jarrabawa. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, don haka bari mu kamo daga tushen.

Fara raba abu biyu da muke haɗawa a maganar yau da kullum: mas da nauyi. Mas shi ne yawan abin da ke cikin jiki, da kilogiram ake auna shi, kuma ba ya canzawa ko ina aka kai shi. Nauyi kuwa ƙarfi ne, ƙarfin da ƙasa ke jawo abin da shi, da niyuton ake auna shi: W = mg, inda W nauyi ne, m mas ne, g kuma yadda jan ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗuwa gudu a kowane sakan. Buhun gero mai kilo 100 nauyinsa kimanin niyuton 980 ne a duniya. A kai shi duniyar wata, inda g yake kimanin 1.6, ya dawo niyuton 160, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Kuma kada sunan "maganaɗisun ƙasa" da wasu ke faɗa ya ruɗe ka, jan ƙasa ba ruwansa da ƙarfe: itace, ruwa, auduga, duk abin da ke da mas ana jan sa.

Gaskiyarka ne, ƙasa ta fi jan babban dutse. Abin da ka bari a baya shi ne babban ya fi wuyar motsawa. Dubi kurar ɗan ga-ruwa. In jarka goma ce mai lita 25 a cike, ruwan kaɗai kilo 250 ne; turin da zai sa kurar da babu kaya ta zabura, da ƙyar zai gusar da cikakkiya. Wannan ita ce doka ta biyu ta Newton, wadda ya wallafa a 1687: F = ma, wato a = F ÷ m, inda F ƙarfi ne, a kuma yake nufin yadda gudu ke ƙaruwa a kowane sakan. To ɗauki dutse mai kilo 10 da mai kilo 1, mu sa g = 10 kamar yadda WAEC da NECO suka saba bayarwa. Ana jan na farko da niyuton 100, a raba da 10, a samu 10. Ana jan na biyu da niyuton 10, a raba da 1, a samu 10. Jan ya ninka sau goma, wuyar motsawa ma ta ninka sau goma, sai suka cinye juna. Kowannensu gudunsa na ƙaruwa da mita 10 a sakan, cikin kowane sakan.

Abin da ke ɓata wannan a idonmu iska ce. Gwada a ɗaki, a kashe fanka. Saki littafi da fallen takarda a tare, littafin zai riga. Yanzu ɗora takardar a saman littafin, kada gefenta ya leƙo, ka sake su: tare za su sauka, domin littafin ya tare mata iska. Ko ka dunƙule ta tamau, za ka ga ta kusa kamo littafin, mas ɗinta kuwa bai ƙaru ba. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott, na tafiyar Apollo 15, ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda.

Sai lissafi. A ganina haddar fomula kafin zane ita ce babbar cutar ɗalibanmu. Kafin ka rubuta komai, zana abin, ka sa kibiya ga kowane ƙarfi da ke aiki a kansa: nauyi ƙasa, turin daɓe sama, gogayya tana adawa da motsi, jan igiya ta inda igiyar ta nufa. F ɗin da ke cikin F = ma ragowar ƙarfi ce bayan an haɗa an cire, ba turin da aka ambata a tambaya kaɗai ba. In ana tura akwati mai kilo 20 da niyuton 100, gogayya kuma 40, ragowa 60, a = 3. Wanda ya rubuta 5 ya manta gogayya, makin ya tafi.

Daga nan ka jera u (gudun farko), v (gudun ƙarshe), a, s (nisa) da t (lokaci) a gefen takarda, ka cike waɗanda aka ba ka, ka zaɓi fomular da babu harafin da ba a bayar ba kuma ba a nema: v = u + at, s = ut + ½at², ko v² = u² + 2as. Misali, hasumiyar Gobarau tsawonta kimanin mita 15 ne. Abin da ya suɓuce daga samanta u ɗinsa sifili ne, don haka 15 = ½ × 10 × t², t² = 3, t kimanin sakan 1.7. Gudunsa a ƙasa: v² = 2 × 10 × 15 = 300, v kimanin mita 17 a sakan, wato sama da kilomita 60 a awa. A takarda za ka yi wannan, ba a kan hasumiyar ba.

Wurare uku ne aka fi zubar da maki. Na farko awo: kilomita a awa sai an raba da 3.6 kafin ya zama mita a sakan, giram a raba da 1000, santimita da 100. Na biyu alama: in ka ɗauki sama a matsayin tarawa, to g ragewa ne tun daga farkon lissafin har ƙarshensa, kada ka juya a tsakiya. Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, domin ɗalibai masu ƙwazo ma yana kama su. In aka jefa ƙwallo sama, a ƙololuwa gudunta sifili ne, amma a ɗinta yana nan 10 yana kallon ƙasa. Da a sifili ne a wurin, da ta tsaya cak a sama ba ta dawo ba. Ƙwallon da aka jefa da mita 20 a sakan tana kai ƙololuwa a sakan 2, tsayin mita 20, ta dawo hannu a sakan 4.

Fomula ta ukun nan, v² = u² + 2as, ka riƙe ta ko bayan jarrabawa. Mota a hanyar Katsina zuwa Daura tana kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan, birki na rage mita 5 a sakan kowane sakan: sai ta ci mita 40 kafin ta tsaya. In gudun 108 ne, mita 90. In 144 ne, mita 160. Gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu, ba a ma sa lokacin da direba zai ankara ya taka birkin ba.

In kana son ka auna g da hannunka, lilo shi ne hanya, kuma yana yawan fitowa a jarrabawar gwaji. Nemi zare marar talewa, ƙaramin ƙarfe mai nauyi kamar noti, rular mita da agogon sakan na waya. Matse saman zaren tsakanin 'yan katako biyu don wurin ratayar ya tsaya wuri ɗaya; in ka naɗe shi a ƙusa, tsawon zai riƙa canzawa yayin lilo. Auna tsawon, L, daga matsewar zuwa tsakiyar ƙarfen, ba samansa ba. Ja shi gefe kaɗan, ƙasa da digiri 10, ka sake ba tare da turi ba. In ya fara kewaye maimakon kai da komowa a layi ɗaya, tsayar ka sake farawa. Auna lokacin lilo 20 cikakku, zuwa da dawowa shi ne ɗaya, ka raba da 20 ka samu T. Dalilin ashirin ɗin shi ne yatsan mutum na makara da kusan sakan 0.2: a kan lilo ɗaya na sakan 2 kuskuren kashi goma cikin ɗari ne, a kan sakan 40 kuwa rabin kashi ɗaya ne. Fara ƙirga daidai lokacin da ƙarfen ke gifta tsakiya, kuma ka ce "sifili" lokacin da ka danna agogo. Wanda ya ce "ɗaya" lilo 19 ya ƙirga, g ɗinsa zai fito kusan 10.9.

Yi haka da santimita 40, 60, 80, 100 da 120, kowanne sau biyu ka ɗauki matsakaici. Zaren mita ɗaya zai ba ka kusan sakan 40 a lilo 20, T kusan 2. Zana giraf, T² a tsaye, L a kwance da mita; layi miƙaƙƙe zai fito, gangarensa kusan 4, sai g = 39.5 ÷ gangaren (39.5 ɗin shi ne 4π²). Ɗauki gangaren daga ɗigo biyu masu nisa da juna a kan layin da ka ja, ba daga lambobin teburinka ba. A nan yankinmu, da yake muna kusa da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, ainihin g kimanin 9.78 ne, don haka in ka samu tsakanin 9.5 da 10.1 da kayan gida, aikinka ya yi. Sannan ka cire notin ka sa wanda ya ninka shi nauyi, tsawon zare daidai da na dā, ka sake aunawa, za ka tarar T bai gusa ba. Ka turo lambobin da ka samu a duba maka gangaren.