Amsa ga mai neman kompailar C++ a kwamfuta mai RAM gigabait 4

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka sa VS Code a kwamfutarka mai Windows 10 da RAM gigabait 4, ka rubuta kod ɗin C++ amma ya ƙi tashi, sai saƙo yake fitowa cewa ba a gane g++ ba, kuma wani mai shago ya ce ka kai masa ya sa maka wanda ke aiki. Wannan magana ta ƙarshe ce ta hana ni yin shiru, domin ta nan aka cuce ni.

Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. VS Code wurin rubutu ne kawai, ba ya zuwa da kompaila, don haka babu abin da zai juya rubutunka ya zama manhajar da injin zai gudanar. Kada ka biya kowa ko sisi a kan wannan, domin GCC, wato kompailar da g++ ɗin nan yake cikinta, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kyauta ne har gobe.

Lokacin da nake koyo, wani mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari ya karɓi kuɗina ya sa mini Turbo C++ a matsayin kompaila, yana rantsuwa cewa da shi manya suke aiki. Bai gaya mini cewa kamfanin Borland ya fitar da shi tun 1990 saboda DOS, tsarin da ake amfani da shi kafin Windows, ba, kuma shi ya sa ba ya tashi a Windows mai bit 64 sai ta cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS. Na zauna gaban shuɗin allon nan ina rubuta iostream.h da void main da clrscr, komai yana tafiya, ina ganin na iya. Ranar da zan gabatar da aikina aka buɗe shi a kwamfutar da ke da GCC, sai jajayen layuka suka cika allo tun daga layin farko, domin an daidaita ƙa'idar C++ a 1998 kuma abin da na koya ya girme ta. Mutane suna tsaye a bayana, gumi ya jiƙa mini riga, na kasa ko motsa linzami. Da na koma wurin mutumin, ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba, ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, in kawo wasu kuɗi ya goge komai ya sake zuba Windows. Wallahi har yau idan na bi ta layin nan raina yana ɓaci, ba don kuɗin ba, sai don na san akwai yara da yawa da ya yi wa haka, kuma wasunsu sun ajiye karatun suna zaton kansu ne ba ya ja.

Shawarata ita ce ka sauke Code::Blocks, manhajar rubuta kod da gudanar da shi, daga shafinsu, amma ka lura da sunan fayil ɗin, ka ɗauki wanda ke da kalmar mingw a ciki, domin shi ne ke ɗauke da kompaila. Mutane da yawa suna ɗaukar ɗayan, su sake faɗawa ramin da kake ciki yanzu. Na 20.03 bai kai megabait 200 ba, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Visual Studio Community, wanda daban yake da VS Code, shi ma kyauta ne kuma yana da kyau, sai dai Microsoft da kansu sun ce gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da na 2022 ke buƙata, 16 suke ba da shawara, ga shi zai cinye maka gigabait masu yawa na data. Ɗora shi a kan injinka kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Idan wani ya miƙo maka Dev-C++, wata manhajar irin Code::Blocks, a filash, ka duba lambarsa, domin 4.9.9.2 tun 2005 aka tsaya da shi.

Ka riƙa adana aikinka kafin ka danna gudanarwa, musamman idan batirinka ya mutu irin na yawancin kwamfutocin hannu da muke saya, domin ana ɗauke wuta komai ya tafi. Ka kuma ajiye kwafi a filash ko a GitHub, shafin ajiye kod a intanet.

Idan ranka yana kan VS Code, ka bari sai hannunka ya faɗa, sannan ka sa MSYS2, manhajar da ke kawo kayan aiki irin su GCC cikin Windows, ka sauke GCC ta cikinsa, ka ƙara babban fayil ɗinsa mai suna bin a cikin PATH, wato jerin wuraren da Windows ke duba manhajoji, ka rufe tagar umarni ka sake buɗewa, ka rubuta g++ --version. Idan lamba ta fito, VS Code zai gan shi. Idan kuma malaminku ya nace a kan Turbo C++, ka yi masa aikinsa da shi saboda maki, amma ka sake rubuta kowane aiki a Code::Blocks da iostream da int main.