Tambaya da Amsa: Kallon Tsuntsaye da Ɗaukar Hotonsu a Lambunan Landan

Malam, karatu ya kawo ni Landan, masaukina kusa da Regent's Park. Ana cewa yanzu ne lokacin tsuntsaye. Yaushe zan fita, ina zan dosa? – Wani ɗalibi, Landan

Ɗan'uwa, bazarar Ingila ba irin tamu ba ce mai gumi. Daga Maris zuwa Mayu sanyi ke sassautawa, itatuwa su fara toho. Ganiyar lokacin ita ce tsakiyar Afrilu zuwa makon farko na Mayu: baƙin tsuntsaye sun iso, ganye kuwa bai gama rufe rassa ba. Idan ya rufe, sai dai ka ji kuka, mai kukan ya ɓuya.

Ka yi sammako. A tsakiyar Afrilu rana na fitowa wajen ƙarfe 6, lambun kuma ana buɗe shi tun ƙarfe 5, don haka da ka idar da sallar asuba sai ka kama hanya. Fara da bakin tafki, inda zalɓe ke sheƙa a kan itatuwan tsibiri tun 1968. A Afrilu za ka tarar da 'ya'yansu suna miƙo wuya. Korayen nan masu dogon wutsiya da suka cika wurin da ihu, tsirya ce, irin tamu ta gida. In makara ta kama ka, nufi St James's Park, inda ake ba kwasa-kwasa kifi tsakanin 2:30 da 3 na rana. Tun 1664 ake kiwonsu a can, lokacin da jakadan Rasha ya kawo na farko kyauta.

Na sayi kyamara da lens, wato gilashin gabanta, mai milimita 300, amma rabin hotunana dishi-dishi suke fitowa. Ko an sayar mini da jabu ne? – Wata mai karatu, Landan

Malama, da wuya laifin kyamarar ne. Buɗe hoton a kwamfuta ki ƙara masa girma, shi zai faɗa miki inda matsalar take.

Idan komai ya dushe, reshe da tsuntsu, hannunki ne ya motsa. Idan reshe ya fito tas amma kan tsuntsun ya dushe, shi ne ya motsa. Maganinsu ɗaya: saurin ƙyaftawar kyamara. Juya ta zuwa S, ko Tv in Canon ce, inda ke ce ke zaɓar saurin, ki sa 1/1000 na daƙiƙa don ƙaramin tsuntsu a kan reshe, 1/2000 don mai tashi. Zalɓen da ya ƙame a bakin ruwa 1/500 ma ya ishe shi. Kyamarar da aka bari ta zaɓa da kanta a inuwar asuba takan sauka har 1/60, alhali ɗan tsuntsu ya juya kai kafin ta ƙyafta.

Sauri yana cin haske, dole a biya ta wani wajen. Bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau da kansa har 3200. Masu koyo na tsoron ɗan yashin da ke bayyana a hoto idan ISO ya yi sama, mu kuwa mun fi son hoto mai yashi a kan mai dishi: yashi ana rage shi da manhaja, dishi ba shi da magani.

Akwai na uku, kuma shi ya fi ɓata rai: ganyen da ke gaban tsuntsu ya fito raɗau, tsuntsun ya zama inuwa. Kyamara ce ta kama abin da ya fi kusa da ita. Mayar da saitin kama hoto, wato focus, zuwa ɗigo guda, ki ɗora shi a kan idon tsuntsun, ki kunna bin motsi, wato AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Sannan ki matse gwiwar hannu a jikinki, tafin hagu a ƙarƙashin lens, rana a bayanki. Tsuntsun da ke saman itace, sararin sama fari a bayansa, baƙi ƙirin zai fito sai kin danna maɓallin +/-, mai ƙara haske ko rage shi, kin kai +1 ko +2. Farin tsuntsu a ruwa mai duhu kuma sai an rage zuwa -1, in ba haka ba gashinsa ya wanke. Agwagwa kuwa, durƙusa ki daidaita da idonta, kada ki ɗauke ta daga tsaye.

Da gaske ne tsuntsayen da muke gani a fadama da hunturu har Turai suke zuwa? – Wani malamin makaranta, Nguru

Ƙwarai kuwa, Malam. Yawancin baƙin da ke cika fadamar Haɗeja zuwa Nguru daga Oktoba, a Maris da Afrilu suke tsallaka Sahara su koma arewa su yi ƙwai. Suna tafiya, shamuwa na isowa da albishirin damina. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, bai kai giram 20 ba, Turawa na ce masa whitethroat, yana hunturu a Sahel, a ƙarshen Afrilu kuma a ji shi yana waƙa cikin sarƙaƙiyar lambunan Ingila. A 1969, bayan farin da ya faɗa wa Sahel, fiye da rabin waɗanda aka saba gani a Birtaniya ba su dawo ba.

Na ga sheƙa da ƙwai a cikin shinge. Zan iya janye ganyen don hoton ya fito? – Wani mai karatu, Richmond

Kada ka taɓa, ɗan'uwa. Ganyen nan shi ne rufin asirin sheƙar. Ka janye shi, hankaka da kurege sun samu kalaci. Uwar ma in ta daɗe a waje saboda tsayuwarka, ƙwan zai huce. Dokar Birtaniya ta kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita, wasu tsuntsayen kuma, kamar farar mujiya, ko hotonsu a sheƙa sai da lasisi. Alamar ka matsa da yawa ita ce ka ga uwa da tsutsa a baki tana ta kewaye, ta ƙi shiga. Ja da baya har sai ta shiga.

Tunda a Richmond kake, ka kula da bareyin Richmond Park. Daga Mayu zuwa Yuli suke haihuwa, suna ɓoye 'ya'ya a cikin ciyawa, uwar kuma takan yi kan mutum, balle mai kare. Hukumar lambun ta ce a bar tazarar mita 50.