Amsa: yadda ake samun jagora a Kyoto ga wanda bai taɓa zuwa ba

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ce kwana uku za ku yi a Kyoto, kai da uwargida da Hajiya mahaifiyarka, kana tambayar inda za ka sami jagora mai jin Turanci, da ko ya kamata ka ɗauke shi duk kwanakin. Shawarata ka ɗauke shi ranar farko kawai, ya koya muku hawa jirgin ƙasa da bas, sauran kwana biyun ku yi da kanku.

Abin da ke yaudarar baƙi shi ne yanayin garin. Kyoto ta yi shekara fiye da dubu tana babban birnin Japan, tun daga 794, amma wuraren tarihinta ba a dunƙule suke ba. Kinkaku-ji, haikalin nan mai rufin zinare, yana arewa maso yamma, haikalin Kiyomizu-dera na gabas a kan tudu, Fushimi Inari, wurin bauta mai jajayen ƙofofi a gindin dutse, na kudu, dajin gora na Arashiyama kuma can yamma. Duk wanda ya ce zai kai ku huɗun a wuni ɗaya, to a kan hanya za ku ƙare. Jagoran kirki ɓangare guda yake ɗauka ya bi shi a tsanake.

Mafi sauƙin samu shi ne yawon babbar mota, irin na Sunrise Tours na kamfanin JTB, wanda ke tashi da safe ya zaga wurare biyar ko shida. Ba wahalar neman hanya, amma ko'ina lokaci ƙayyadadde ne, mota ba ta jiran kowa, kuma ana isa wuraren daidai lokacin cunkoso. Da dattijuwa a tafiyar, ban so muku shi ba.

Wanda ya dace da ku shi ne jagora na kanku, na awa huɗu zuwa shida. A nan sai an lura, don tun 2018 doka ta bar kowa ya yi jagoranci a biya shi ko ba shi da lasisi. Saboda haka a manhajoji irin su Viator da Klook akwai gwanaye, akwai kuma 'yan koyo. Ka nemi mai lasisin gwamnatin ƙasa, ko wanda birnin ya tantance a tsarin da ake kira Kyoto City Visitors Host. Kafin ka biya, ka tambaye shi a rubuce: kuɗin na kowane mutum ne ko na ayarin duka? Kuɗin shiga da na mota suna ciki? Galibi ba sa ciki, har kuɗin motarsa da abincinsa ma kan koma kanka. Ka kuma tambayi ƙa'idar sokewa idan ruwa ya tsinke.

Akwai kuma 'yan sa-kai, ciki har da ɗaliban jami'a na Good Samaritan Club, waɗanda ba sa karɓar lada sai dai ka biya musu mota da shiga da abinci. Ana cika takardarsu ta intanet makonni kafin tafiya, kuma ba tabbas a samu. Idan komai ya kuɓuce, ofishin bayanan baƙi yana bene na biyu a tashar jirgin Kyoto.

Ga yadda zan so ranar ta kasance. Kiyomizu-dera na buɗewa ƙarfe 6 na safe. Ku isa kafin 8, kafin motocin 'yan makaranta. Hanyar hawa ce sosai, ku sa tasi ta kai Hajiya iyakar inda mota ke shiga, sannan ku gangaro ta tsofaffin titunan Sannenzaka da Ninenzaka zuwa tsohuwar unguwar Gion. A Gion kada ku shiga ƙananan lungunan da aka kafa wa allo, mallakar mutane ne, an hana baƙi shigarsu tun 2024, allon na gargaɗin tarar yen 10,000. Fushimi Inari ba ya buƙatar jagora: minti biyar ne a jirgin ƙasa na kamfanin JR daga tashar Kyoto, kyauta ne, ba a rufewa. Kaiwa ƙololuwar dutsen da dawowa awa biyu zuwa uku ne, amma jerin jajayen ƙofofin da ake gani a hotuna tun daga ƙasa suka fara, ba sai Hajiya ta hau ba.

Ku sayi katin ICOCA ku zuba masa kuɗi, yana aiki a bas da jirgi. Tsohon tikitin bas na wuni mai yen 700 da wasu ke ambata an daina shi, kuma bas ɗin kan cika maƙil. Inda jirgi ke zuwa, ku hau jirgi.

Batun abinci ka faɗa wa jagoran tun kafin ranar, kada ka tsaya a “ba ma cin alade”. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba giyar shinkafa, sake ko mirin, a miya da kifi ba tare da an rubuta ba. Ka ce ya kama muku wuri a gidan abinci na halal, ya kuma ware lokacin Azahar da La'asar a jadawalin. Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa, ba gabas da muka saba ba. Ku sa takalmi mai saurin cirewa da safa mai tsabta, don a fadar Nijo da cikin haikalai da yawa sai an tuɓe takalmi.

Ba ka faɗi watan tafiyar ba. Idan ƙarshen Maris ne zuwa farkon Afrilu, lokacin furanni, ko rabin Nuwamba na biyu da ganye ke ja, ko hutun Japanawa na 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, ka kama jagora da masauki wata biyu ko uku kafin nan. Yuli da Agusta kuwa zafi ne mai gumi, irin na Legas, sai a fita da sassafe a dawo kafin rana ta take.