Ka canza wosha, famfo bai daina ɗiga ba

Ka ce ka canza wosha, robar nan da ke toshe ruwa, a famfon gidan nan na Tudun Wada, ka ɗaure, amma har yanzu yana ɗiga, kana tambayata abin da ya rage. Kai yaro, ka sa yatsa ka shafa mazaunin woshar, wato ƙarfen da take zama a kai, kafin ka mayar? Na san ba ka yi ba. Ku yaran yanzu, hannu ɗaya sifana, ɗaya waya, kuna son a kira ku oga tun ba ku iya gane ta inda ruwa ke fitowa ba.

Rufe ruwa daga tanki da kwance kan famfo ba zan ɓata bakina a kai ba. Abin dubawa shi ne ta ina yake zuba. In ta baki yake ɗiga bayan an rufe, wosha ce ko mazauninta. In ta wuya yake tsattsafowa, ƙarƙashin mariƙi, kuma sai an buɗe, zoben robar da ke jikin sandar da mariƙin ke juyawa ne ya cinye. In ta gindi ne, inda ya shiga bango, ko tef ɗin da ake naɗawa a zaren gindin famfo bai isa ba, ko soket, wato bakin bututun da famfon ke shiga, ya tsage. Naka na farkon ne. Gidaje da yawa a Zariya ruwan rijiya da na bohol suke turawa tanki, shi kuwa da yashi yake zuwa. Yashin ya maƙale tsakanin roba da ƙarfe, mutanen gida su yi ta murɗawa da ƙarfin tsiya, har mazaunin ya yi zane. Ko wosha goma ka sa, ruwa ta zanen zai bi. Famfon tagulla ana goge mazauninsa ya koma sumul. Mai ƙyallin nan marar nauyi kuwa, bola ce wurinsa.

Irinsa ne ya ja mini asarar da har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani attajiri a GRA ya kira ni aiki, na canza masa bututun kicin, kayan ma da kuɗin aljihuna na saya don na ga babban mutum ne. Sai ya ce in duba famfon banɗakin baƙi. Na duba na ce, Alhaji, mazauni ya ci, a sayo na tagulla mai rabin inci, na faɗa masa kuɗinsa a kasuwar Sabon Gari. Ya yi mini kallon ɓarawo, ya aiki direbansa. Direba ya dawo da mai ƙyalli, in ka ɗaga shi kamar fankon ashana. Na ce, ranka ya daɗe, tankinka a saman bene yake, ruwan gidan nan da ƙarfi yake saukowa, wannan ba zai jure ba. Ya ce shi ya biya kuɗinsa, ni nawa ɗaurawa. Na naɗa tef, na ɗaura, na buɗe ruwa a gabansa, ko ɗigo babu. Ya ce in bar akwatin kayana, gobe in zo in ƙarasa wani ɗan aiki in karɓi kuɗina gaba ɗaya.

Cikin dare famfon ya karye daga zarensa, tanki ya juye kaf, ruwa ya shiga falo ya jiƙa kafet. Da safe ko sallamata bai amsa ba. Na ciro guntun da ya rage a soket, na murmushe shi da filaya a kan idonsa don ya ga irin ƙarfen da direbansa ya sayo. Ya ce ni na ɗaure fiye da kima. Ni! Ya hana ni kuɗin aiki, ya hana ni kuɗin bututu, ya riƙe akwatina. Na je wajen manya, kowa ya ce in yi haƙuri. Da ƙyar aka sako akwatin, amma babu babbar sifanar bututun da maigidana ya ba ni ranar da ya sallame ni. Kuɗin na iya mantawa, wannan sifana kuwa ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Saboda haka koma Tudun Wada ka sake kwance shi ka shafa. In ka ji zane kuma mai ƙyalli ne, gaya wa mai gidan a sayi sabo, kai za ka zaɓo da hannunka. In ya nace sai nasa mai araha, faɗa masa abin da zai biyo baya a gaban mutane, ka karɓi kuɗin aikinka kafin ka ɗaura. Tef ɗin ka naɗa shi ta inda zare ke shiga, ka ɗaure da hannu, sannan ɗan juyi kaɗan da sifana. In ka gama ka kira ni, kuma ka fito da akwatinka.